Muryar da Ba Ta Kai Ɗaya Ba

Duk wanda ya taɓa kai wayarsa gyara rumfar Hafizullahi a bakin tashar motar garin Isa ya san labarin akwatin nan, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Wani ɗan baƙin akwatin ɗaukar murya ne da ya tsinto a kasuwar Sabon Birni, cikin tarkacen da 'yan kasuwa ke shigowa da su daga Maraɗi. Mai kayan ya rantse masa lafiyar akwatin lau, illa dai babu kwamfutar da ta yarda ta gane shi. Hafizullahi kuwa abin da yake son ji ke nan. Ya kawo shi gida, ya shafe damina guda yana fama, har ya rubuta ɗan shirin nan da ke shiga tsakanin na'ura da kwamfuta su fahimci juna, wanda masu sana'ar ke kira direba. Ya kuma haɗa masa da ma'auni a fuskar kwamfutar, wata koriyar sanda mai tashi in an yi magana, ta kwanta in an yi shiru.

Ranar da ya gama, ya rasa wanda zai gwada da shi sai Ubaidullahi ɗan kamasho, mutumin da in ya kira fasinja a tasha ana amsa masa daga bayan gari. Ubaidullahi ya karɓi makirfo, ya cika ƙirji ya ce, "Bafarawa! Bafarawa! Saura mutum ɗaya!" Sanda ta yi sama kamar za ta huda gilashi. Tun daga ranar kan Hafizullahi ya kumbura, ya zama ba ya gyara cajin waya sai ya haɗa wa mai ita da bayanin yadda ake rubuta direba.

Ana cikin haka surukarsa Inna Luba ta zo daga Tozai ganin likita, ta sauka a gidansa. Tari ne ya kwantar da ita tun kaka. Ta warke, amma ya bar ta da wata siririyar murya, ita kuma abin yana damunta fiye da yadda take nunawa. A Tozai da can, in ana biki ko daka, ita ce mai ba da waƙa mata su amsa. Yanzu ga autarta Mu'minatu ta haihu a Maraɗi, ƙafa ba ta barin tsohuwar ta yi doguwar tafiya, jaririn kuma an ce ba ya barin kowa ya runtsa. Mu'minatu ta yi ta kira tana roƙo a turo mata waƙar rainon da Inna ta yi musu su duka suna jarirai, don ita ta manta rabinta. Hadiyya, matar Hafizullahi, ta gwada ɗauka da wayarta, amsar da ta dawo daga Maraɗi ita ce an ji awaki sarai, an ji injin niƙan maƙwabta, Inna ce kawai ba a ji ba.

"Ai ga aikin akwatina," in ji Hafizullahi, yana murza hannu. "Waya mi tas sani?"

"To Injiniya," Hadiyya ta ce, don haka take kiransa in tana son tsokana, "kai ka manta ko wa za ka ɗauka? Inna ta yi waƙa gabanka? Ai sai dai ta haɗiye harshenta."

Gaskiyarta. Tun da aka ɗaura auren, maganar da ta taɓa haɗa Hafizullahi da Inna Luba ba ta wuce gaisuwa ba, ita ma daga bayan labule, ya tuɓe takalmi ya durƙusa yana kallon ƙasa. Ba ta kama sunansa, sai dai ta ce wa Hadiyya mai gidanki. In tana tsakar gida yana zaure, in ta shiga ɗaki ya wuce sumsum kamar wanda ya zo satar kaza a gidansa. Surukin da zai zauna ya ji surukarsa tana rera waƙa, ai sai a ce ba a yi masa tarbiyya ba.

Hadiyya ce ta yi ta kai gwauro tana kai mari har aka daidaita. Inna za ta zauna a ɗaki da makirfo, a rufe ƙofa. Doguwar waya za ta ratsa tsakar gida zuwa zaure, inda Hafizullahi zai zauna da akwatinsa da kwamfuta. Abin sauraren da ake sawa a kunne kuwa, Hadiyya ta ƙwace shi ta kai wa Inna, tsohuwar ta juya shi ta duba, ta tura shi ƙarƙashin matashin kanta. Hafizullahi bai damu ba ko kaɗan. Ya ce mai sanda irin tasa ba ya buƙatar kunne.

Da hantsi aka fara. Hadiyya ta leƙo ta ɗaga hannu, ya danna, ya zuba wa sandar ido. Tana kwance. Ya duba waya, ya duba makirfo ta bakin Hadiyya, komai a haɗe. Ya sake dannawa, ya jira, sanda ko gezau. Sai ya goge abin da aka ɗauka ya ƙwala wa matarsa kira.

"Ki ce ma Inna ta ɗan ɗaga murya. Ba ta shigowa."

Hadiyya ta koma. Aka sake, sanda tana nan kwance abinta, ya sake gogewa.

"Ki ba ta haƙuri, ta ƙara kaɗan. Hal yanzu babu komi."

A karo na gaba sandar ta yi wani ɗan tsalle, ta faɗi, ta sake tsalle. Hafizullahi har ya fara murmushi, sai ya jiyo tari daga cikin gida, tari mai tsawo da ba ya buƙatar makirfo. Can sai ga Hadiyya ta fito, fuskar nan a murtuke, ta tsaya a ƙofar zaure ta riƙe ƙugu.

"Ka ji daɗi? Waƙar raino ka sa ta tana yi awa mai kiran awaki. Wane jariri za ya yi barci da wagga?"

"Ni ban ce ta yi ihu ba, sanda ta…"

"Sandarka ta ci gidansu. Ka san abin da tac ce? Tac ce daman ta sani, muryar ta tahi tun ciwon nan, mu muka ɓoye mata. Tac ce tunda na'ura ma ta shaida, a bar zancen. In kira mata yayana shi zo da babur bayan la'asar shi maishe ta Tozai."

Yayan nata shi ne Lawwali, ɗan farin Inna, wanda in ya ce bayan la'asar to bayan la'asar ɗin ne. Hafizullahi ya gane girman ɓarnar da ya yi. Ba waƙar Maraɗi ce kawai ta lalace ba. Tsohuwa za ta koma ƙauye da tabbacin cewa abin da aka san ta da shi ya ƙare, kuma daga zaurensa hukuncin ya fito, da bakinsa, sau bayan sau. Kunya ta rufe shi, haushi kuma ya biyo baya, ya rasa ko na kansa ne ko na akwatin.

"Tsakani da Allah, Hadiyya, ta yi waƙar da farko? Ana ji?"

"Ina zanne kusa da ita hal hawaye sunka zo man. Kai ka zanna nan kana kallon itace."

Ta juya ta shige. Allah ya sa a cikin ruɗewa bai goge ɗauka ta ƙarshe ba. Ya buɗe ta. Saurare dai ba zai yi ba, ko da abin kunnen yana hannunsa, amma babu wanda ya hana shi kallon zanen muryar, wannan layin mai tudu da kwari da kwamfuta ke zanawa. Wajen ƙarshe ga manyan tsaunuka inda Inna ta yi ta yunƙuri, ga tarin. Farkon kuwa layi ne miƙaƙƙe. Ya faɗaɗa shi, ya ƙara faɗaɗawa, sai ga wasu ƙananan tudu sun fito jere reras, suna hawa suna sauka a natse kamar kunyoyin gona. Muryar ta shiga akwatin tun da fari, ta zauna lafiya lau. Shi ne ya bi ta yana gogewa.

Ya buɗe direban nasa, wanda ya cika mutanen tasha da labarinsa, bai daɗe yana nema ba ya ga wurin. Akwatin yana aiko da ƙarfin murya a lamba mai kashi biyu: cikakkiyar lamba, da guntun da ke biye da ita, wanda aka raba ɗaya gida ɗari biyu da hamsin da shida. Lokacin da yake rubutun ya karanta cewa a can cikin ƙuryar kwamfuta, inda direbobi ke aiki, ba a son lissafi da lamba mai ɗigo, wato mai ɗauke da guntu. Shi kuma da gaggawar ya ga sanda ta motsa, sai ya yanke guntun ya yar, ya riƙe cikakkiyar. In murya ta kai bakwai da rabi, ya ce bakwai. In ta kai ɗaya da kwata, ya ce ɗaya. In ba ta kai ɗaya ba, ko da saura ƙiris, ya ce babu. Kamar mai awon gero ne da ya rantse ba ya ƙirga abin da bai cika tiya ba, ka kawo masa rabin tiya ya dube ka ya ce hannunka wayam. Da Ubaidullahi aka gwada, shi kuwa tun da aka haife shi bai taɓa yin maganar da ta gaza arba'in ba.

Maganin bai da wuya, wannan ne ma ya fi ba shi haushi. Ba sai ya shigo da lamba mai ɗigo ba. Zai bar lambar yadda akwatin ya aiko ta, duka, ya riƙa ƙirga guntayen a matsayin cikakku: rabi ya zama ɗari da ashirin da takwas, ɗaya ya zama ɗari biyu da hamsin da shida. Direba ya miƙa haka, a yi yarjejeniya da shirin da ke zana sandar cewa ɗigon yana nan a wuri ɗaya ba ya motsi, shi ya raba a ƙarshe. Ya gyara, ya haɗa, ya cire doguwar wayar ya sa wani tsohon makirfo ya gwada.

Sanda ta buga sama ta yi ja wur, ta tsaya can ba ta sauko ba, alhali ko tari bai yi ba. Wata kaza ce kawai ke tono a bakin zaure. Ya gyara direba ya manta bai gaya wa mai zanen yarjejeniyar ba. Ya yi tsaki, ya yi wa kansa dariya, ya sa rabawar. Ya kuma buɗa ƙasan sandar, ya ba ƙananan lambobi fili mai yawa yadda ido zai gan su. Da ya sake gwadawa, ya shafa yatsa a kan tabarma, sandar ta ɗan ɗaga kai. Ya yi raɗa, ta tashi ta bi shi a hankali, ba tsalle ba faɗuwa.

Ana kiran azahar ya aika aka kira Hadiyya, ya zayyana mata komai, har da guntaye da ɗigo. Ta tsaya ta ji shi, abin da ba ta cika yi ba in ya fara irin wannan bayani.

"Wato ba ta kai ɗaya ba, sai kac ce babu."

"Haka na."

"Kuma duk abin da ka ɗauka a baya kana gogewa, waƙar na ciki."

"Tana ciki."

"Allah shi shirye ka, Injiniya."

Ta kai saƙo ɗaki, ta dawo ba da labari mai daɗi ba. Inna ta ce ta gode, Allah ya yi masa albarka, amma ta san kara yake yi mata. Da safe ya ce babu, da rana ya ce akwai, ita ba yarinya ba ce. Har ta ɗaure kayanta a zane.

Hafizullahi ya naɗe wayoyinsa, ya ɗora akwatin a kan kwamfutar, wadda ko ƙura ba ya barin Hadiyya ta share mata, ya miƙa mata gaba ɗaya.

"Kai mata ciki ta gani da idonta. Ga inda za ki danna. Ni za ni waje."

Ya fita ya tsallaka hanya, ya zauna a gindin dalbejiyar masallaci, inda ko ihu aka yi a gidan ba zai ji ba. Rana ta take, ƙuda suka dame shi. Ya yi sallar azahar, ya dawo ya zauna. Masu wucewa suna tambayarsa ko lafiya bai buɗe rumfa ba, yana cewa lafiya lau. Duk babur ɗin da ya karyo kwana sai gabansa ya faɗi. Inuwa ta juya, aka kira la'asar, aka idar, sai ga Lawwali ya faka a ƙofar gida yana kaɗe hula. Suka gaisa. Hafizullahi ya ja shi da hirar farashin taki da ta hanyar Tsamaye, hirar da shi kansa bai san inda ta dosa ba, don dai kada Lawwali ya shiga gida.

Sai Hadiyya ta leƙo ta yafuto shi.

"Ta yi?" ya tambaya tun kafin ya ƙaraso.

"Ta yi. Da farko tac ce ba ta yi. Sai ta yi gyaran murya, sanda ta motsa, tat tsorata. Ta sake, ta sake motsawa. Ka ga yadda ta riƙa wasa da ita awa ƙaramar yarinya, ta yi ƙasa ta yi sama. Daga nan ban san sa'adda waƙar tat taho ba. Ta kai ta hal ƙarshe, ko tari babu."

"Alhamdu lillahi! To a tura Maraɗi."

"Tac ce ba a turawa tukuna. Tana kiranka."

"Ni?"

"Akwai wani mai gidana bayan kai?"

Ya tuɓe takalmi tun daga zaure. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin, labule a sake tsakaninsu, ya yi gaisuwa, aka amsa. Sai ya ji muryar Inna Luba, siririya, tana magana da Hadiyya kamar ba ya wurin, yadda ta saba.

"Hadiyya, ki ce ma mai gidanki, itacen nan nashi da sahe ya ce babu, yanzu ya ce akwai. Abin da yay yi magana biyu rana ɗaya ban kama shi shaida. Ke kuma ɗiyata ta, tausayina kika ji, ko kukan jaki niy yi cewa za ki yi da daɗi."

"Inna, wallahi…"

"Ban gama ba. Shi yac ce babu. To shi za ya ji."

Hannu ya fito ta ƙasan labule, siriri mai jan lalle a tafi, ya ajiye abin kunnen a kan tabarma ya koma. Hafizullahi ya dube shi kamar an ajiye masa garwashi. Ya ɗaga ido wajen Hadiyya yana neman ceto, ita kuwa ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ta turo masa kwamfutar da ƙafa.

"Inna, ai ba ya kamata…" ya fara.

"Ki ce mai na yahe mishi kunyar ta yau. Gobe shi ɗauki abinshi. Amma in yay yi man kara, ban yahe ba."

Ba yadda zai yi. Ya sa abin a kunne, ya danna. Da fari numfashi ya ji, sai muryar ta shigo, ƙasa ƙasa, kusa da kunne kamar mai ita tana goye da shi. Ba muryar filin biki ba ce, wannan kam ta tafi, kuma ba zai ce ba ta tafi ba. A wuri ɗaya ta ɗan karye, tsohuwar ta ja numfashi ta ɗora daga inda ta tsaya. Amma kowace kalma tana fita tas, waƙar tana lilo a hankali, tana kiran jariri da sunayen lallashi, tana yi masa alkawarin nono da inuwa da dawowar babansa daga gona. Shi da ya durƙusa yana jiran ƙasa ta tsage ya shige, sai ya ji kafaɗunsa sun saki. Tausayi da daɗi suka cika masa ƙirji, har ya manta a gaban wa yake. Bai ko kalli sandar ba.

Waƙar ta ƙare. Ya cire abin kunnen ya riƙe a hannu. Daga waje Lawwali ya danna hon, babu wanda ya kula shi.

Labulen bai motsa ba. Amma da Inna Luba ta yi magana, ba ta ce Hadiyya ki ce masa ba.

"Akwai?"

Hafizullahi ya share fuska da hannun riga.

"Akwai, Inna. Wallahi akwai."

Daga bayan labulen sai ya ji ana kwance ƙullin kaya.

"Hadiyya, tura ma ƙanwarki. Ki ce ma yayanki shi kashe babur ɗin nan shi shigo shi sha hura, ba yau za ni ba. Akwai ta daka da ta yaye, su ma ban son su ɓace."